Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Herodotus, marubucin tarihi na Yunanawa, wanda ya yi zamani wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wani Fir'auna na Masar da ya so ya san wace al'umma ce ta riga sauran zuwa duniya. Sai ya sa aka ɗauki jarirai biyu aka ba wani makiyayi, aka umurce shi ya riƙa shayar da su nonon awaki, kada kuwa kowa ya yi magana a gabansu. Bayan shekara biyu, ran nan makiyayi ya buɗe ƙofar ɗaki, yaran suka rugo suna miƙa hannu suna cewa "bekos". Sarki ya sa aka bincika, aka tarar bekos shi ne gurasa a harshen mutanen Firijiya, wata ƙasa da ke cikin Turkiyya ta yanzu. Da jin haka Masarawa suka sallama, suka ce mutanen Firijiya sun girme su. Masu sharhi na baya sun lura da abin da Fir'auna bai lura da shi ba, watau yaran da ba su taɓa jin muryar kowa ba sai ta awaki, ba abin mamaki ba ne in maganarsu ta fari ta yi kama da kukan akuya.

Wannan labari ya ƙunshi dukan abin da za a tattauna a nan: kalma ɗaya 'yar gajeruwa, da kamannin da aka ji tsakaninta da wata, da kuma babban hukunci da aka ɗora a kanta. Sha'awar gano harshen farko ba ta taɓa barin 'yan Adam ba. Surutu a kanta ya yi yawa a Turai har ƙungiyar masanan harsuna ta birnin Paris ta rubuta cikin dokokinta, a 1866, cewa ba za ta karɓi wata takarda a kan asalin harshe ba. Duk da haka ba a daina ba. A 1905 wani Ba'italiye, Alfredo Trombetti, ya buga littafi yana cewa harsunan duniya duka tushensu ɗaya. A 1994 kuma Merritt Ruhlen, wani malami na Jami'ar Stanford a Amurka, ya fitar da littafi mai suna The Origin of Language, watau Asalin Harshe, wanda ya rubuta domin jama'a masu karatu, ba domin masana kaɗai ba. Wannan littafi ne za a auna.

Ruhlen mabiyin Joseph Greenberg ne, shi kuwa Greenberg ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya yi rubutu a kan kalmomin Larabci da suka shigo Hausa, daga baya kuma, a 1963, ya fitar da littafin da ya kasa harsunan Afirka gida huɗu. Shi ne ya kawar da tsohon zancen Turawa na "harsunan Hamawa", wanda an gina shi a kan launin fata da kiwon shanu fiye da kalmomi. Ya mai da Fillanci wurin 'yan'uwansa Wolof da Serer na Senegal, ya kuma sa Hausa cikin reshen Cadi na babban dangin da ya haɗa Larabci, da Ibrananci, da harshen Masar na dā, da na Buzaye, da na Somaliya. Hanyar da ya bi ita ce a jera kalmomin harsuna masu yawa a kan takarda ɗaya, a duba da ido a ga waɗanda suka yi kama. Ruhlen ya ɗauki wannan hanya ya kai ta iyakarta, ya ce in ta haɗa harsunan Afirka, babu abin da zai hana ta haɗa na duniya baki ɗaya.

Gaskiya ita ce littafin yana da daɗin karatu, marubucinsa kuwa ya iya koyarwa. Ba ya cika wa mai karatu kunne da manyan kalmomi. Sai ya shimfiɗa masa jerin kalmomi daga harsunan da ya ɓoye sunayensu, ya ce masa ya tattara su gida gida da kansa. Mai karatu ya gwada, ya ga ya iya, ya ji daɗi. Daga harsunan Turai a wuce zuwa na Asiya, da Afirka, da Amurka, kowane mataki ya ɗara na baya nisa, har a iso inda a ke so a kai shi. A wani littafi da ya fito cikin shekarar nan, Ruhlen da abokin aikinsa John Bengtson sun jera kalmomi 27 waɗanda suka ce ragowar harshen farko ne. A ciki akwai "tik", yatsa ko ɗaya. Da "pal", biyu. Da "akwa", ruwa. Da "min", watau me. Da "aya", uwa ko babbar mace cikin dangi. Da "kama", riƙewa a hannu. Har da "kano", wadda suka fassara da damtse ko hannu. Bahaushe da ya karanta wannan jeri ba zai rasa jin wani abu a ransa ba, gama ga "kama" tasa, ga "me", ga "iya" da "yaya". Amma fa kalmar "kama" tana da wata 'yar'uwa a rubutu cikin Hausa, ita ce wadda ke cikin karin maganar nan, kama da wane ba wane ba ne.

Hanyoyin da kalmomi biyu na harsuna dabam ke bi su yi kama da juna huɗu ne. Akwai aro, akwai abin da halittar bakin ɗan Adam ke haifarwa, akwai arashi, sa'an nan akwai gado. Na ƙarshen nan kaɗai ke nuna dangantaka. Saboda haka wanda ya ce ya ga gado, wajibi ne ya fara rufe ƙofofin nan uku. Babban aibin littafin Ruhlen shi ne ya bar su a buɗe.

A fara da aro, domin shi ya fi sauƙin ganewa. Ganyen shayi daga ƙasar Sin ya fito, sunansa kuma ya biyo shi ta hanya biyu. A yawancin ƙasar Sin ana ce masa "ca". Wannan suna ya bi fatake ta tudu, ya zama "cai" a Farisa da Turkiyya da Rasha da Hindu, ya zama "shai" a bakin Larabawa, daga nan ya iso Hausa ya zama shayi. Amma mutanen gaɓar Fujiyan "te" su ke cewa, su kuwa 'yan kasuwar Holan da wannan suna suka koma Turai ta teku, daga gare su Faransawa da Jamusawa da Ingilishi suka samu. Da Ingilishi suka zo ƙasar Hausa suka kawo "ti". Ga shi Hausa ta mallaki sunayen biyu, alhali kuwa ba ta haɗa kaka da Sinanci ba. Haka sabulu, wanda Romawa suka aro sunansa daga ƙabilun Jamus, ya ratsa ta Larabci ya iso nan. Haka kwabo, wanda asalinsa sunan jan ƙarfe ne da Turanci, ya shiga Hausa da Yarabanci da sauran harsunan Nijeriya, har ya zama sunan kuɗin ƙasa a 1973. Kalmar "oke" ta Amurkawa ta fi su duka gudu. Allen Walker Read ya bi sawunta cikin tsofaffin jaridu, ya nuna a rubuce-rubucensa na 1963 da 1964 cewa ta fara bayyana a wata jaridar Boston ran 23 ga Maris, 1839, a matsayin wasan gajarce kalmomi da gangancin kuskuren rubutu. Kafin bincikensa an jingina ta ga harsuna barkatai, daga baya ma waɗansu sun ce daga Wolof ta fito, domin kusan kowane harshe yana da wata 'yar kalma ta amincewa mai kama da ita. In kalma ta iya zagaya duniya cikin shekara ɗari da 'yan kai, ina ga shekara dubu goma na fatauci da yaƙi da auratayya?

Greenberg da kansa ya san wannan sarai. A 1960 ya nuna cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo Hausa. "Kasuwa" asalinta "suƙ" ne na Larabci, Barebari suka ɗora mata "ka" a gaba bisa ga al'adar harshensu ta zama "kasugu", Hausa ta karɓe ta da wannan kaya a kanta. Wannan aiki ne na mai haƙuri, wanda ya bi kalma ɗaya ƙofa ƙofa. Irin wannan haƙuri ne ba a samu cikin jerin kalmomi 27 ba.

Hanya ta biyu ita ce ta halitta, shaidarta mafi girma kuwa sunayen iyaye ne. A 1959 George Murdock ya tattara sunayen uwa da uba fiye da dubu daga harsunan duniya, ya ga "ma" da "na" sun fi yawa wajen uwa, "pa" da "ta" wajen uba. A 1960 Roman Jakobson ya ba da dalili. Jariri ba ya fara da baƙaƙe masu wuya. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rufe leɓɓa ya buɗe, daga nan "ma" da "ba" da "pa" ke fita. Sa'ad da ya ke shan nono kuwa bakinsa a cike ya ke, ba abin da zai iya fitarwa sai ɗan gunaguni ta hanci, watau "m". Jariri dai wasa ya ke yi da bakinsa, iyaye ne ke ɗoki, su ce ga shi ya kira su. Shi ya sa "mama" ke nufin nono a Hausa, haka kuma a harshen Latin na Romawa. Shi ya sa "baba" ke nufin uba a Hausa, da Yarabanci, da Suwahili, da Turkanci. Amma da ya ke iyaye ne ke raba ma'ana, ba ko'ina rabon ya zo daidai ba. A ƙasar Jojiya "mama" shi ne uba, uwa kuwa "deda". A Rasha "baba" tsohuwa ce. A Hausa ma, in aka sauya karin murya, "baba" ta koma mace. A tsohon harshen Japan "papa" ita ce uwa, sa'an nan da baƙin "p" na harshen ya sauya, ta bi shi ta zama "haha" na yau.

Wannan misali na Japan yana da muhimmanci, gama yana nuna cewa kalmomin jarirai ba su da wata kariya daga sauyin zamani. Suna tsufa su lalace kamar sauran kalmomi, sai dai kowane zamani jarirai na ƙera sababbi. Kalmar Latin "pater" ta goge a bakin Faransawa ta zama "per", amma ga "papa" nan sabuwa fil a gefenta. Saboda haka yawan "mama" a duniya shaida ce ta cewa bakin jarirai iri ɗaya ne, ba ta cewa kalmar ta daɗe ba. Duk da haka "aya" na cikin jerin nan na 27, a 2002 kuma waɗansu masu bin wannan hanya, Pierre Bancel da Alain Matthey de l'Etang, suka rubuta cewa "kaka" ma gadon harshen farko ce. To, kaka a Hausa mahaifin uba ne ko na uwa, a Suwahili wa ne, a Hindu ƙanen uba ne. Abin da ya haɗa su bai wuce gaɓa ɗaya mai sauƙi da aka maimaita ba.

Binciken da aka yi bayan fitowar littafin ya daɗa faɗaɗa wannan ƙofa. A 2013 Mark Dingemanse da abokan aikinsa biyu, a wata cibiyar bincike da ke Nijmegen ta ƙasar Holan, suka saurari hirarrakin mutane cikin harsuna goma, har da Siwu na ƙasar Gana, suka ga 'yar kalmar da mutum ke faɗi in bai ji abin da aka ce ba, irin "iye?" ta Hausa, kusan siffarta ɗaya ko'ina: gaɓa guda, wasali mai sauƙi, da muryar tambaya. Ba su ce gado ba ne. Sun ce bukata ɗaya ce ta ƙera ta, domin mai tambaya yana da ƙiftawar ido kaɗai ya tsai da mai magana. A 2016 kuma Damian Blasi da waɗansu suka auna kalmomin harsuna fiye da dubu huɗu, suka tarar sunan hanci ya cika ɗaukar "n", sunan harshe "l", sunan nono "m", ƙaramin abu kuwa wasalin "i". Bahaushe mai cewa mitsitsi da rusheshe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Hanya ta uku, watau arashi, ita ce mutane suka fi rainawa, ita ce kuwa ta fi ɓarna. Cikin shekarun 1960 wani masani, R. M. W. Dixon, ya sami wani dattijo cikin ragowar masu jin harshen Mbabaram a arewacin Ostareliya. Sunan kare a wannan harshe shi ne "dog", daidai da na Turanci. Ba aro ba ne. Harsunan maƙwabta suna cewa "gudaga" ko "guda", Mbabaram kuwa ta saba zubar da gaɓar farko da wasalin ƙarshe na kalmominta, sai abin da ya rage ya faɗo daidai kan kalmar Ingilishi. A Farisanci "bad" na nufin mummuna, haka a Turanci, harsunan biyu ma dangi ne, amma tarihin kalmomin ya nuna ba su haɗa komai ba. Sunan abin bauta a Latin "deus", a Yunananci "theos", kowa ya ji zai rantse ɗaya ne, masana kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa tushensu dabam.

Ana iya kwatanta ƙarfin arashi da ɗan lissafi. Masu jerin nan ba su kula da wasula ƙwarai ba, baƙaƙe kuma suna barin masu kusanci su tsaya wa juna, kamar "t" da "d" da "ts", ko "k" da "g" da "h". A ƙaddara baƙaƙen duniya sun kasu gida takwas ta wannan hanya. Kalma mai baƙi biyu tana da gurbi 64 ke nan da za ta iya faɗawa. In ana neman "tik" cikin sunan yatsa kaɗai, sau ɗaya cikin 64 za a dace. Amma an yarda "tik" ta zama yatsa, ko ɗaya, ko hannu, ko goma, ko nuni, ko kaɗai, ko yatsan ƙafa, da sauransu. In ma'anonin sun kai goma sha biyar, to, wajen harshe ɗaya cikin kowane biyar zai ba da abin da a ke nema, ko da babu dangantaka ko kaɗan. Bayan wannan kuma, ba a bukaci kowane harshe ya kawo shaida ba. An yarda 'yan kaɗan su tsaya a madadin danginsu duka, alhali akwai dangin da ke da harsuna fiye da dubu. Wanda aka ba irin wannan sarari cikin harsunan duniya wajen dubu bakwai, in ya rasa "tik" shi ne abin mamaki. Ko a Hausa ga "ɗaya tak" nan tana jira, ta cika kowane sharaɗi na sauti da ma'ana, ko da ya ke "tak" 'yar'uwar "cif" da "sak" da "fat" ce, irin kalmomin ƙarfafawa da Hausa ke ƙerawa da kunne. Donald Ringe ya yi irin wannan lissafi da zurfi a 1992, Lyle Campbell da waɗansu kuma suka bi shaidun ɗaya ɗaya, musamman na harsunan Amurka, suka fito da kurakurai masu yawa, kalmomin da aka yanka ba a gaɓarsu ba, da waɗanda aka ba ma'anar da ba tasu ba.

Saura gado. Yaya a ke gane shi? A 1786 Sir William Jones ya faɗa a Kalkata cewa Sanskirit na Hindu da Yunananci da Latin daga tushe ɗaya suka fito. Abin da ya mai da wannan magana ilmi shi ne aikin Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822, waɗanda suka nuna cewa sauti ba ya sauyawa da ka, yana bin ƙa'ida. Inda Latin ke da "p", Turanci na da "f": "pater" da "father", "pes" da "foot", "piscis" da "fish". Inda Latin ke da sautin "k", Turanci na da "h": "cornu" da "horn", "canis" da "hound", "centum" da "hundred". Da wannan ma'auni aka gane cewa "have" ta Turanci ba 'yar'uwar "habere" ta Latin ba ce, ko da ya ke sautinsu da ma'anarsu sun zo ɗaya. 'Yar'uwarta ita ce "capere", watau kamawa. Abin ya kai har Antoine Meillet ya nuna cewa "erku", biyu a harshen Armeniya, da "duo" ta Latin kalma ɗaya ce, domin kalmomin tsawo da tsoro ma, waɗanda asalinsu ya fara da "dw", da "erk" suka fara a harshen. Mai duban ido zai haɗa "have" da "habere", ya raba "erku" da "duo", ya yi kuskure sau biyu.

Bahaushe yana da irin wannan ƙa'ida a bakinsa. Basakkwace na cewa zamna, sabro, abduga, Bakano na cewa zauna, sauro, auduga. Ana cewa talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. August Klingenheben ne ya bayyana dokar a ƙarshen shekarun 1920, watau waɗansu baƙaƙe in suka zo ƙarshen gaɓa sai su narke su zama "u". Wanda ya san wannan doka yana iya faɗin yadda kalma za ta kasance tun bai ji ta ba, in kuwa ya yi kuskure za a kama shi. Wannan shi ne bambancin ilmi da hasashe. Jerin Ruhlen ba ya faɗin inda "t" za ta zauna da inda za ta sauya, saboda haka babu wata kalma da za a kawo ta ƙaryata shi, abin da ba ya ƙaryatuwa kuwa ba ya tabbatuwa.

Ruhlen yana da amsa, ya kamata kuma a saurare ta. Ya ce ai kasa harsuna gida gida shi ke zuwa da fari, ƙa'idodin sauti su biyo baya, Jones ma bai san dokar Grimm ba sa'ad da ya yi maganarsa. Akwai gaskiya a nan. Duban ido yana nuna inda za a haƙa rijiya, amma sai an haƙa a ke sanin ko akwai ruwa. Jones bai dogara ga gajerun kalmomi kaɗai ba, ya ambaci tsarin nahawu, waɗanda suka biyo shi kuma suka haƙa suka tarar. Haka zancen Hausa da danginta. An karɓe shi ne domin shaidarsa ta wuce kamannin kalma ɗaya ko biyu. Hausa na cewa gidanka, gidanki, gidanku, Larabci na liƙa "ka" da "ki" da "kum" a wuri ɗaya da ma'ana ɗaya. Hausa na raba "ya" da "ta", Larabci ma haka a farkon aikatau. Ga mutu da "mata", ga suna da "ism", ga harshe ko halshe da "lisan", ga huɗu da "fdw" na Masar ta dā. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka fara shimfiɗa ƙa'idodin sauti na harsunan Cadi. Inda aka haƙa ba a tarar ba kuwa, an janye. Gidan Khoisan na Greenberg yanzu masana sun raba shi, gidan Nilu da Sahara ana gardama a kansa, babban gidan da ya ba harsunan Amurka a 1987 kuwa yawancin masanan harsunan sun ƙi shi.

Akwai kuma maganar nisan zamani. Kalmar ruwa a Latin "aqua" ce. Cikin shekara dubu biyu kacal ta zama "agua" a Sifaniya, "apa" a Romaniya, a Faransa kuwa ba abin da ya rage sai "o". Rubutu mafi tsufa a duniya bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, harshen da Ruhlen ke nema kuwa ba zai kasa shekara dubu hamsin ba. Kalmar da ta narke haka cikin dubu biyu, yaya za ta tsaya cif cikin dubu hamsin, a nahiya biyar, har ido ya gane ta? In da gaske harshen farko ya bar jikoki, lalle sun sauya kama har ba mai shaida su. Waɗanda suka yi kama ƙwarai, kamanninsu ne ya kamata ya sa a yi shakkarsu.

Wannan ba ya nufin harsunan duniya ba su da tushe ɗaya. Mai yiwuwa ne ƙwarai suna da shi, tun da ya ke binciken ƙasusuwa da na jini ya nuna 'yan Adam na yau daga Afirka suka bazu. Abin da a ke musu shi ne ko kalmomi 27 sun isa shaida, amsa kuwa ba su isa ba. Ruhlen ya rasu a 2021 bai sauka daga ra'ayinsa ba, yawancin masana kuma ba su hau ba.

Amfanin wannan muhawara ga mai karatun Hausa ba kaɗan ba ne, gama cutar da ta kama littafin tana nan a zaure da makaranta. Akwai mai cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito. Akwai mai jin littafi da lafiya da labari da alƙali, ya ce ashe Hausa 'yar Larabci ce, bai lura ba cewa waɗannan baƙi ne da suka zo da "al" ɗinsu a ka, dangantakar gaskiya kuwa tana can cikin "ka" da "ki" da "mutu", ita ma ta 'yan'uwa ce masu kaka ɗaya mai nisa, ba ta uwa da 'ya ba. Al'ummai da yawa sun gina tarihin asalinsu a kan sunan wani gari da ya yi kama da na wani gari a Gabas, wani lokaci har a yi rigimar sarauta ko ta ƙasa a kai. Ɗalibi ya karanta littafin Ruhlen, domin zai buɗe masa ido ga yawan harsunan duniya, ya kuma koya masa son tambaya. Amma kowace kalma aka nuna masa, ya tambaye ta abu uku kafin ya karɓe ta cikin dangi: ko fatake ne suka kawo ta, ko jariri ne ya ƙera ta, ko kuwa hanya ce kawai ta haɗa su. In ta tsallake waɗannan, sa'an nan ya nemi 'yan'uwanta da suka bi ƙa'ida ɗaya da ita. Fir'auna bai yi wa "bekos" ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, shi ya sa ya ba da girman Masar a kan kukan akuya.